RA'AYINMU: Kuɗin Mota Na Neman Cinye Albashin Talaka A Ikko

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Oshodi, ko Mile 12, ko Obalende da sassafe, tun gari bai gama wayewa ba, ya san cewa a birnin Ikko maganar kuɗin mota ta wuce wasa. Dubban mutane ne suke cincirindo, kowa yana lissafin abin da ke aljihunsa kafin ya sa ƙafa a cikin mota. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu da suka baro Arewa don neman abinci: mai gadi da zai karɓi aiki a Ikoyi, ɗan dako da zai sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, mahauci da ya nufi mayankar Oko-Oba ta Agege, mai gyaran takalmi, mai shayi, mai sayar da goro. Ba ɗayansu da ke da motar kansa, kuma ba ɗayansu da ake ba shi alawus na zirga-zirga. Abin da mutum ya samo jiya, a ciki zai cire kuɗin tafiyar yau. Saboda waɗannan bayin Allah ne muka ga ya wajaba mu yi magana a kan ƙarin kuɗin mota, da kuma irin zaɓin da ake bai wa fasinja wajen biya.

Ruwa ba ya tsami banza. A ranar 29 ga Mayu, 1999 aka koma mulkin farar hula, kuma tun daga nan babu gwamnatin da ba ta taɓa farashin man fetur ba. A watan Janairu na 2012 an ɗaga lita daga Naira 65 zuwa Naira 141, jama'a suka fito kan titi a Ojota da Kano da sauran garuruwa, har aka sauko da ita zuwa Naira 97. Amma babban bugun da ya girgiza kowa shi ne na ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama aiki cewa an daina biyan tallafin mai. Cikin kwana biyu litar da ake saya kimanin Naira 185 a gidajen man NNPC na Ikko ta koma Naira 488. Kafin ƙarshen watan Oktoba na 2024 ta kai Naira 998. A tsakanin nan kuma, a watan Yuni na 2023, aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Taya, batir, man juye, da duk wani ƙarfen gyaran mota, galibinsu da dala ake shigo da su. Saboda haka direba ya sha duka ta fuska biyu, shi kuwa ya juya ya sauke a kan fasinja.

Ba mu ce direba ko mai mota su yi aikin asara ba. Wanda ya sayi mai da tsada ba zai ɗauki mutane a kuɗin jiya ba, kuma hukumar da ke tafiyar da manyan bas-bas ba za ta iya gyara su da fatar baki ba. Abin da muke tambaya shi ne, yaya ake raba wannan nauyi, kuma wa ake ɗora wa mafi yawa?

Bari mu yi lissafi a fili, domin lissafi ba ya son kai. Da aka buɗe jirgin ƙasa na Shuɗin Layi ga fasinja a ranar 4 ga Satumba, 2023, daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13, an yanka cikakken kuɗinsa a kan Naira 750. Zuwa da dawowa Naira 1,500 ke nan. Wanda ke fita aiki kwana 26 a wata zai biya Naira 39,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin Naira 30,000 ne. Rangwamen rabi da aka yi a farko shi ya sa talaka ya iya leƙa cikin jirgin. Da aka fara jigila a Jan Layi a ranar 15 ga Oktoba, 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, tafiyar kilomita 27, kuɗin ya tashi a kan Naira 1,500. Zuwa da dawowa na kwana 26 ya kama Naira 78,000. A shekarar 2024 ne aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000, Gwamnatin Jihar Ikko kuma ta ce ita za ta biya ma'aikatanta Naira 85,000. Watau ƙaramin ma'aikacin da ya bi wannan jirgi daga farko zuwa ƙarshe kullum, abin da zai rage masa a wata bai kai kuɗin buhun garin rogo ba. A farkon 2025 an rage kuɗin zuwa Naira 1,000, wanda abin a yaba ne, amma ko a hakan lissafin wata ya kama Naira 52,000, ya haura rabin albashin.

Mu kuma tuna cewa wannan albashi na ma'aikacin gwamnati ne da na manyan kamfanoni. Mai gadin gidan wani attajiri, da yaron shago, da ɗan dako, ba su san wata doka ta mafi ƙarancin albashi ba. Da yawansu abin da suke samu bai kai haka ba, kuma a cikinsa ne ake cin abinci, a biya haya, a aika wa iyaye da iyali a Sakkwato, ko Katsina, ko Haɗeja, ko Maraɗi. Duk Naira ɗari da aka ƙara a kuɗin mota a Ikko, akwai tukunyar da ta rage tafasa a wani ƙauye na Arewa.

Gwamnatin Jihar Ikko ba ta zauna hannu rabbana ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A watan Fabrairu na 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jefa jama'a cikin ƙuncin rashin tsabar kuɗi, ta rage rabin kuɗin motocinta. A farkon watan Agusta na shekarar Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sake yin wannan rangwame na kashi 50 cikin 100. Sai dai a watan Nuwamba rangwamen ya koma kashi 25 cikin 100, daga baya ya wuce. A ranar 17 ga Fabrairu, 2025 kuma hukumar LAMATA, wadda ke kula da harkar sufuri a birnin, ta ƙara kashi 18 cikin 100 a kuɗin bas-bas na BRT, ta ce tsadar gudanarwa ce ta tilasta mata. Illar wannan tsari na yau a rage gobe a ƙara ita ce, mai iyali ba ya iya shirya kasafin gidansa. Rangwamen da ake bayarwa kamar kyauta, ana iya janye shi kamar yadda aka bayar. Abin da talaka ke bukata shi ne ƙa'ida tabbatacciya wadda zai dogara a kanta.

Yanzu sai mu duba zaɓin da ke gaban fasinja. Na farko shi ne danfo, ƙaramar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa da baƙin zane, wadda har gobe ita ke ɗaukar mafi yawan jama'ar birnin. Danfo tana shiga lungu da saƙo, ba ta tambayar kati, kuma ana iya yin ciniki da kwandasta in an yi sa'a. Amma kuɗinta ba shi da linzami. Da safe daban, da yamma daban, idan hadari ya haɗo ko hanya ta cunkushe sai ya ninka nan take. Direba yana iya sauke mutane a tsakiyar hanya ya ce nan ya tsaya, a sake biyan wata mota. Ga rigimar canji, inda kwandasta zai haɗa baƙi biyu da takardar kuɗi ɗaya ya ce su je su raba, su ɓata rabin sa'a suna yawon neman canji. A bayan wannan duka akwai 'yan kamasho, waɗanda ake kira agbero a nan, masu tare mota a kusan kowace tasha suna karɓar kuɗi. A watan Fabrairu na 2022 gwamnatin jihar ta kafa harajin bai-ɗaya na Naira 800 a rana a kan kowace motar haya, da nufin rage yawan karɓe-karɓe. Duk da haka, a ƙarshen watan Oktoba na shekarar wasu direbobi suka ajiye aiki suna kukan cewa tatsar ba ta ragu ba. Kowa ya san cewa duk abin da aka karɓa a hannun direba, daga aljihun fasinja ya fito.

Zaɓi na biyu shi ne motocin gwamnati da na kamfanonin da take sa wa ido. An fara BRT a ranar 17 ga Maris, 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, aka miƙa hanyar zuwa Ikorodu a 2015, aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule-Egba a 2020. Waɗannan bas-bas suna da hanyarsu ta musamman, kuɗinsu a yanke yake, ba ya tashi don an yi ruwa. Tun shekarar 2020 kuma aka shigo da katin Cowry, wanda mutum ke zuba wa kuɗi ya riƙa taɓa shi a jikin na'ura wajen shiga da wajen sauka. Da kati ɗaya ana shiga bas, da jirgin ƙasa, da jirgin ruwan gwamnati. Wannan ci gaba ne, ya kashe rigimar canji, ya kuma rage satar kuɗin shiga. To amma katin yana cire kuɗin kowace tafiya ne daban. Wanda ya shiga sau ɗaya a wata da wanda ya shiga sau hamsin, farashin tafiyarsu ɗaya. Wanda kuma gidansa ke nesa da babbar hanya, sai ya biya keke ko ƙaramar mota zuwa tasha, ya biya bas, ya sauka ya sake biyan wata. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa su ne tsadar haya ta kora zuwa bayan gari, irin su Agbado da Ikorodu da Sango-Ota, saboda haka su ne suka fi kowa yawan canjin mota. Wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa biya.

Akwai kuma wani cikas da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba su yi boko ba, wasu karatun allo da ajami suka yi, wasu ko Turancin buroka bai zauna a bakinsu ba. Sanarwar ƙarin kuɗi tana fitowa da Turanci a jarida da intanet. Mutum sai ya zo tasha ya ji labari. Wani bai san cewa in bai sake taɓa katin wajen sauka ba, na'ura tana iya cire masa kuɗin tafiya har ƙarshen hanya. Wani yana tsoron zuba Naira dubu biyu a cikin kati, domin a ganinsa kuɗin da ba ya hannu ya tafi. Saboda haka sai ya koma wa danfo, ko ya faɗa motar da ba a san asalinta ba don ta yi araha, inda 'yan fashin nan da ake kira wan-cans suke farautar bayin Allah.

Kada kuma a manta da batun acaɓa. A watan Yuni na 2022 aka hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Gwamnati ta kawo hujjar haɗurra da tsaro, kuma doka doka ce, muna kira ga kowa ya bi ta. Amma sanin kowa ne cewa samarin Arewa masu yawa da wannan sana'a suke ci. Hanin ya taɓa su sau biyu: sun rasa abin yi, sa'an nan sun koma layin fasinja suna biyan kuɗin da ba su da shi.

Tarihi ma yana da abin cewa. A shekarar 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari na Ikko. A 1985 gwamnatin soja ta soke shi. Sai bayan shekara 40 cif da ƙaddamarwar farko mutanen Ikko suka shiga jirgin cikin gari. A cikin waɗannan shekaru birnin ya ninka, ya sake ninkawa, aka bar jigilar miliyoyin mutane a hannun molue da danfo. Tsadar da ake kuka da ita yau, rabinta bashin sakacin jiya ne, kuma ba daidai ba ne a ce ɗan dako da mai gadi su ne za su biya shi su kaɗai.

Wasu ƙasashe sun ga irin wannan matsala sun yi mata dabara. A birnin Landan akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana, in ya kai ta sauran tafiye-tafiyensa na ranar kyauta ne, kuma tun 2016 wanda ya canja bas cikin sa'a ɗaya ba ya sake biya. A Jamus, a watan Mayu na 2023, an fito da tikitin wata guda na Yuro 49 wanda ake shiga bas da jirgin kusa da shi a ko'ina cikin ƙasar. Ba mu ce arzikinmu ɗaya da nasu ba. Amma dabarar ba ta bukatar arzikin Turai, domin na'urar da za ta yi wannan lissafi tana nan a jikin kowace bas ta BRT. Abin da ya rage shi ne niyya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Ikko da hukumar LAMATA da su duba waɗannan abubuwa da idon basira.

Na farko, a bai wa fasinja zaɓi na gaskiya a kan katin Cowry: tikitin yini, tikitin mako, da tikitin wata, kowanne da rangwamen da mai fita kullum zai gani a aljihunsa. Tikitin mako ya fi muhimmanci ga mutanenmu, domin mai cin abinci da guminsa na yini ba ya iya tara kuɗin wata a dunƙule. Hukuma ma za ta amfana, tun da kuɗi zai shigo mata kafin a yi tafiyar.

Na biyu, wanda ya sauka daga wata mota ya shiga wata cikin ƙayyadadden lokaci, a ɗauke shi a matsayin mai tafiya ɗaya. Bai kamata a hukunta mutum don haya ta kore shi bayan gari ba.

Na uku, kada a sake ƙara kuɗi sai an ba da sanarwar akalla wata guda, an bayyana wa jama'a lissafin da ya sa, an kuma saurari ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa. A rubuta farashi ɓaro-ɓaro a kowace tasha. A yi sanarwa da Yarabanci da Hausa da Igbo da buroka, a rediyo da lasifikar tasha, musamman a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende.

Na huɗu, a yi wa 'yan kamasho linzami da gaske. In an yanka haraji ɗaya, to ya zama ɗaya, da rasit, kuma duk wanda aka kama yana karɓar wani abu bayan wannan ya fuskanci shari'a. Wannan kaɗai zai iya sauko da kuɗin danfo ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba.

Na biyar, kowa ya san cewa kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru bayan janye tallafin mai. Kuɗin nan daga aljihun mai shiga mota ya fito, saboda haka adalci ne a mayar da wani kaso tabbatacce a cikin kasafin kowace shekara don ƙara yawan bas-bas, da sauƙaƙa kuɗinsu ga ɗalibai da tsofaffi da naƙasassu. Haka kuma idan farashin mai ya sauko, ko aka mai da mota ta koma amfani da iskar gas mai araha, to fasinja ya gani a ƙasa. Ba a san kuɗin mota da hawa kaɗai ba.

Wannan kira bai tsaya a Ikko ba. Mazauna Sabo da Sasa a Ibadan, da 'yan'uwanmu na Fatakwal da Anaca da Benin, duk kuka ɗaya suke yi. Ikko ce kawai ta riga sauran samun kati da jirgi, saboda haka abin da ta yi shi sauran za su kwaikwaya, ko mai kyau ko maras kyau.

Mu ma akwai namu aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna shawartar kowane mai karatu da ke bin hanyar da BRT ko jirgi ke bi ya mallaki katinsa, ya saye shi a tasha a hannun ma'aikatan da aka sani, ya duba abin da ya rage a ciki bayan kowace zubawa, kada kuma ya manta da taɓawa wajen sauka. Ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a mako a danfo, ya gwada da na kati, ya bi wanda ya fi masa sauƙi. Wanda ya iya karatu ya taimaki wanda bai iya ba. Wanda zai kama ɗakin haya ya haɗa kuɗin ɗakin da kuɗin mota kafin ya ce ya samu araha. A guji motar da ba ta tashi daga tasha ba, musamman da asuba da dare, domin rai ya fi Naira ɗari biyu.

Sarakunan Hausawa na unguwanni, da shugabannin kasuwanni, da limaman masallatanmu, su ma nauyi yana kansu. Su ne gwamnati ke nema idan zaɓe ya ƙarato ko rikici ya tashi. To su yi amfani da wannan ƙofa su kai kukan jama'arsu a rubuce, cikin ladabi da hujja, su haɗa kai da maƙwabtansu Yarabawa da Igbo da sauran ƙabilu, domin kwandasta ba ya tambayar garin mutum kafin ya karɓi kuɗi. Su kuma ƙarfafa wa mutanensu gwiwa su yi rajistar zama a jihar, su riƙe katin zaɓe, domin wanda ba ya cikin lissafi ba a tunawa da shi ranar rabo.

Birnin Ikko da ƙafafun talakawa yake tafiya. Idan ɗan dako bai isa Mile 12 ba, tumatir ba zai isa kicin ɗin Ikoyi ba. Idan mai gadi ya kasa biyan kuɗin zuwa aiki, mai gida ba zai yi barci ba. Gwamnatin da ta sauƙaƙa wa waɗannan mutane hanya, kanta ta yi wa gata. Muna fata masu mulki za su ji wannan kira tun kafin kukan ya koma wani abu dabam, gama rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma sa wa nemanmu albarka, amin.